Kwaltar Hayaƙi a Bangon Falo: Yadda Aikin Ke Tafiya

Asabar, 18 ga Mayu, 2024

Uwargida ce ta fara ji. Bayan sallar asuba ta tsaya tsakiyar falo tana ɗaga hanci, ta ce, "Maigida, wa ke banda kifi a gidan nan?" Na yi dariya, amma da na matsa kusa da murhu sai dariyar ta tsaya. Kwana biyu ke nan ana yayyafi, tun ƙarshen Afrilu kuma ba mu hura wuta ba, amma ga falo yana tashi da wani irin ƙauri: tsohuwar toka da aka watsa wa ruwa, da kifi banda, da ɗan warin kwalta daga ƙarshe mai maƙalewa a maƙogwaro.

Bari in faɗi yadda wurin yake, don in na waiwayi rubutun nan gaba in san daga ina na taso. Gidan yana bayan garin Dulut, arewacin jihar Minesota, ba nisa da Tafkin Sufiriya. Ginin shekarun 1950 ne, mun tare a Satumbar bara. Bangon falo katakon fayin ne tun daga ƙasa har silin, mai ido-ido, launin zuma. A kusurwa akwai murhun ƙarfe na itace. Baƙin bututu ya tashi daga kansa, ya yi gwiwa, ya shige bango, ya faɗa cikin dogon bututun bulo da ke manne da gidan ta waje. Daga bakin ramin da ya shige, ziri uku masu launin shayin da ya kwana a wuta sun gangaro kan katako har ƙasa. Ranar da muka zo duba gidan mun gan su, na ce datti ne, soso da sabulu sun ishe shi. Mun ci hunturu guda, yau na ƙirga ziri biyar, ga kuma ɗigo-ɗigo baƙi a katakon daɓe daidai ƙarƙashin gwiwar bututun.

Shi ne abin da mutanen nan ke kira kiriyosot. Ni kwaltar hayaƙi zan riƙa ce masa.

Asabar, 25 ga Mayu

Yau na yi ɓarna da hannuna. Bokitin ruwan zafi, sabulun wanke-wanke, soso, na hau bango da ƙarfina. Da farko kamar abin arziki, ruwan bokiti ya koma ja, na ce ga shi yana fita. Da wurin ya bushe sai na tarar ziri biyar sun haɗe sun zama tabo ɗaya mai faɗin tire, ruwan kuma ya bi tsagin da ke tsakanin katako da katako ya kai dattin inda da can babu. Warin ya ninka. Yara suka ɗauki abincinsu suka koma ɗaki.

Da azahar na kira Inna a Zariya, su can magariba ta yi. Na juya mata waya ta ga bangon. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, ai kunkunniya ce. Wa ya taɓa wanke kunkunniya da ruwa? Busasshiyar tsintsiya ake sa mata." Ta tuna mini madafin gidan kakanmu, inda azara ta yi baƙi ƙirin har tana sheƙi, gara kuma ba ta taɓa kusantar ta ba. Kafin mu yi sallama ta ƙara da cewa, "Mu nan muna gudun hayaƙi muna neman gas, ku can kun sa kuɗi kun saye shi." Ban sami amsa ba.

Litinin, 27 ga Mayu

Hutu ne yau, ranar tunawa da sojojinsu da suka mutu a yaƙi. Maƙwabcina, dattijo ne jikan mutanen Finlan irin waɗanda suka cika wannan yanki, ya shigo ya duba. Bai ko kalli tabon ba, tulin itacena na bayan gida ya nufa. Ya ɗauki guda biyu ya gwara su, suka yi wani sauti dum-dum, ya girgiza kai. Busasshen itace ƙwas yake yi. Nan na tuna mai a-kori-kurar da ya sayar mini da itacen a Nuwamba yana rantsuwa ya bushe, da yadda bakin kowane gungume ke tsatsafo kumfa yana huci in na sa shi a wuta. Araha ba ta ado.

Ga yadda abin yake. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wanda ya dace da murhu kuwa bai kamata danshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 ba. In ka sa ɗanye, zafin wutar ya ƙare wajen ƙafar da ruwa, hayaƙi ya tashi bai ƙone ba. In kuma ka toshe iska don wuta ta kwana tana ci a hankali, kamar yadda na riƙa yi kowane dare ina yabon kaina da tattali, ka ƙara wa Barno dawaki. Muddin zafin cikin bututu ya sauko ƙasa da digiri 120 na Salshiyas, hayaƙin nan yakan koma ruwa a jikin bango, kamar tururi a murfin tukunya. Wannan ruwan ne ke daskarewa ya zama kwalta.

Hancin uwargida bai yi ƙarya ba kuma. Sinadaran da ke ba kifi banda ƙamshinsa su ne dai a bangona. Wani Bajamushe, Karl von Reichenbach, shi ya fara tace abin daga kwaltar itace a farkon shekarun 1830, ya raɗa masa suna da kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "mai adana nama". A jikin tarwaɗa ni'ima ne, a falo masifa.

Talata, 4 ga Yuni

Mai sharar bututu ya zo. Na ɗauki hutun rabin yini don in tsaya a kansa, kuma ban yi asara ba.

Ya hau rufi, ya zura kyamara, ya sauko ya nuna mini a waya. Bututun bulon ba shi da hula ko kaɗan, duk ruwan sama da dusar ƙanƙara kai tsaye suke faɗawa ciki. Ya ce kwaltar hawa uku ce: ta farko gari-gari, burushi ke share ta, ta biyu ɓawo-ɓawo mai ƙaras-ƙaras, ta uku mai sheƙi kamar an narka baƙar alewa an shafe bango da ita, ita burushi ba ya ko gezau da ita. Tawa ta biyu ce, da ta uku a can sama inda bulo ya fi sanyi. Ƙa'idarsu ita ce in kaurinta ya kai kashi ɗaya cikin takwas na inci, wato milimita 3, a share. Tawa ta ninka haka. In ta kama da wuta, zafin cikin bututu kan haura digiri 1,000.

Sai ya dawo falo ya tsuguna gaban baƙin bututun, ya ce in zo in ga wani abu. Kowane yanki na bututun murhu yana da baki ɗaya mai tattara, wanda ke shiga cikin na kusa da shi. Wannan bakin ƙasa ya kamata ya kalla, wajen murhu, don in kwalta ta narke ta gangaro ta ciki, ta koma wuta ta ƙone. Wanda ya haɗa namu ya juya su duka sama, wataƙila da tunanin kada hayaƙi ya tsere ta mahaɗa. To hayaƙi ba ya tserewa ta nan, jan iska na bututu ke tafiya da shi. Kwalta ce ke fitowa ta bi bayan ƙarfe ta ɗiga. Ɗigon daɓena ke nan. Ruwa ba ya tsami banza.

Abu na uku da ya nuna mini ya fi tayar mini da hankali. Katakon bango ya zo har kusa da bakin ramin, tazarar ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Bututu mai fata ɗaya yana buƙatar inci 18 tsakaninsa da duk abin da ke cin wuta, inda kuma ya ratsa bangon katako sai an kewaye shi da bulo inci 12, ko a sa wani kwaroro na musamman mai hana zafi fita. Katakon da ya shekara yana gasuwa a hankali yakan kama da wuta da zafin da bai kai na sabo ba. Ya ce kada in ƙara ƙyasta ashana a murhun sai an gyara. Ramin bulon ma ya yi wa murhun girma, bakin murhu inci 6 ne, hayaƙi na shiga fili ya huce. Magani shi ne a zura sabon bututun ƙarfe mara tsatsa mai rigar hana sanyi tun daga sama har ƙasa. Kuɗin da ya faɗa ya sa na nemi kujera. Layi kuma sai Agusta.

Asabar, 8 ga Yuni

Na bi maganar Inna: busasshe tukuna.

Na shimfiɗa leda, na sa safar roba, da tabarau, da takunkumi mai gwangwani biyu irin na masu feshin fenti. Yara suka ce na zama ɗan sama jannati. Ba tsoro ba ne na banza. Tun 1775 wani likitan Landan, Percivall Pott, ya gano cewa kunkunniya ce ke jawo wa masu sharar bututu ciwon daji, yawancinsu tun suna yara ake tura su ciki. Nawa aikin na 'yan makonni ne, amma ban ga dalilin shaƙa ba.

Ɗigon da suka yi tudu na ɗora musu ƙanƙara a leda, suka yi tauri, na kankare da abin kankara na roba, suna ɓallewa kamar ƙanzo. Sauran baƙin gari na bi shi da busasshen soson roba da ake sayarwa don gidajen da suka yi gobara. Ba a jiƙa shi, ja ɗaya ake yi a ɗaga, in fuskarsa ta yi baƙi a yanke ta da wuƙa.

Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun farko: gwaji a ɓoyayyen wuri. Bayan kujera na zana gida uku da fensir. Na farko tina ta fenti, ta narkar da kwaltar sama-sama, tsumma ya yi ruwan ƙasa, fatar katako ba ta motsa ba. Na biyu wani garin wanki mai ƙarfi da ake kira TSP a ruwan ɗumi, ya ci datti sosai amma ya dushe sheƙin ya tayar da gashin katako. Na uku sifirit. Minti ɗaya da shafawa sai wurin ya yi danƙo a yatsa. Ashe shalak ne aka shafe bangon da shi, ba banish ba. Shalak wani ƙaro ne da ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, sifirit ke narkar da shi ko bayan shekara saba'in. Wannan albishir ne, domin duk inda tsohon shalak bai fashe ba, kwaltar a kansa ta zauna, ba ta kai ga katako ba. In na ɗauke shi, na ɗauke ta.

Asabar, 22 ga Yuni

Makon Sallah ban taɓa komai ba. Baƙin da suka zo cin nama, ɗaya ya tambaye ni ko a falo muka yi babbaka. Uwargida ta harare ni, na yi kamar ban gani ba.

Yau daɓe. Katakon na wani itace ne da ake kira ok, da fatar banish mai tauri, don haka tina ta ɗauke ɗigon cikin sauƙi, sai wurare biyu inda fatar ta goge, suka bar baƙi mai shuɗi-shuɗi da ya ƙi tina ya ƙi sifirit. Na daɗe ina gurza kafin in gane wannan ba kwalta ba ce. Ruwan da ya ɗigo ya biyo ƙarfe ya kwaso tsatsa, ok kuwa cike yake da irin sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jima da shi. Ƙarfe da bagaruwa in sun haɗu baƙi suke bayarwa, kowane baduku ya san haka. Maganinsa asid ɗin oksalik. Na jiƙa garin a ruwan ɗumi, na ɗiga, kafin la'asar baƙin ya tafi, na ɗauraye sau uku. Da murna na kai ragowar kan tabon bango. Ko gezau. Kowane tabo da maganinsa. TSP kuwa ban bari ya taɓa daɓen ba, yana duhunta ok.

Tsummokaran da suka sha tina na shanya su ɗaya-ɗaya a waje, nesa da gida, kafin in kai su wurin karɓar shara mai haɗari.

Asabar, 6 ga Yuli

Mako biyu ina bin bangon da sifirit da lallausan soson ƙarfe, katako ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama don kada abin da ya gangaro ya zana sabon ziri a busasshen wuri. Inda kwalta ta huda ta shiga, na bi da samfefa mai lamba 120, sannan 180. Kafin samfefa na gwada farin fentin da ke jikin katakon gindin bango ko da dalma, tunda sai 1978 aka hana fenti mai dalma a gidajen Amurka. Babu, alhamdu lillahi.

Da ido, kashi tara cikin goma ya tafi. Da hanci kuwa kamar ban yi komai ba. Ranar da iska ta bushe sai ka ce an gama, da hadari ya haɗo sai ya dawo ya zauna mana a kujera.

Na lura da wani abu yau. Uwargida ta kunna fankar zuƙe hayaƙi ta kicin, injin busar da kaya kuma yana aiki a ƙasa, cikin minti biyar falo ya cika. Na riƙe siririn tishu a bakin ƙofar murhu, sai ga shi yana kaɗowa wajena. Fankokin suna fitar da iskar gida, gidan kuma yana ramawa ta hanya mafi sauƙi, wato bututu. Na cire baƙin bututun gaba ɗaya, na cusa tsumma cikin leda na toshe ramin, na liƙe da salatif, na manna takarda mai jan rubutu a ƙofar murhu don kada wani ya manta. Warin ya ragu da rabi a daren.

Rabi ɗayan fa?

Lahadi, 14 ga Yuli

Abin da aka gwada bai yi ba, a taƙaice: kwanon binega, bekin soda, feshin ƙamshi kala biyu. Gawayi a jaka ya ɗan taimaka a cikin murhu. Uwargida ta sa turaren wutarta mai tsada na Maiduguri, muka sami sabon wari da ba shi da suna, ta ce ba za ta ƙara asarar kayanta ba. Wani abokin aiki ya ce in ari na'urar ozon, mai fitar da wata iska da ke kashe wari. Hukumar kare muhalli ta ƙasar nan ta yi gargaɗi a kan amfani da ita inda mutane ke zaune, tana cutar da huhu, ga ɗanmu ƙarami da asma. Na bar ta. Na'urar tsotse danshi kaɗai ke aikin a zo a gani, in ta riƙe danshin falo ƙasa da kashi 50 ana iya zama. Amma wannan rufa-rufa ce.

Asabar, 3 ga Agusta

Jiya aka zura sabon bututu, aka sa hula, aka share bulon da wata sarƙa mai juyawa, bokiti biyu na baƙin ɓawo suka fito. Da aka zo gyaran ramin bango dole a cire katako, na ce su bar mini wannan. Yau da safe na zare kusoshi na ɓamɓaro na farko, na juya bayansa.

Innalillahi. Fuskar da na yi wata biyu ina gogewa tas take, bayanta kuwa baƙi ne ƙirin mai maiƙo, domin ba wanda ya taɓa shafa wa bayan katako komai. Shekara da shekaru ruwan sama na wanko kwalta daga bulo, yana fitowa ta gefen ramin, abin da ya bi ta gaba shi muke gani, mafi yawa ta baya ya bi. Audugar gilashin da ke cikin bango ta sha ta ƙoshi, ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Katakan tsaye guda biyu sun yi baƙi tsawon hannu, na kwancen da ke ƙasa shi ya zama matattara. Kusa da ramin kuma katako ɗaya ya gasu, ya yi launin gasasshen burodi, farce na shiga. Na daɗe ina kallon sa. A nan muka kwana hunturu guda da yara uku.

Na cire katako bakwai. Huɗu na yanke shawarar ba za su koma ba: bakinsu na yanka, inda jijiyoyin itace ke buɗe kamar bakin rake, ya zuƙe kwalta har ciki. Na saɓa ɗaya da zarto don in gani, ta shiga fiye da faɗin yatsa biyu. Ba samfefar da za ta kai nan. Auduga ta tafi cikin buhun leda biyu. Gasasshen katako kafinta zai canza. Sauran na kankare da ƙarfe, na wanke da TSP tunda ba mai ganin su, na ɗauraye, na sa fanka ta kwana a kansu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da na fara ɓamɓaro katako ɗaya a Mayu, aikin minti goma, da na huta da gurzar Yuni.

Asabar, 17 ga Agusta

Na jira mako biyu cikin bangon ya bushe sarai. Na sayi 'yar na'urar auna danshi mai haƙora biyu, ba na son in rufe ruwa a ciki.

Abin da ya shiga jijiyar katako ba ya fita duka, sai dai a ɗaure shi. Na yi gwaji a kan ɗaya daga cikin katakan da na yar: rabi na shafa farin fenti na ruwa, rabi farin share-fage mai shalak, wato shafin farko da ake yi kafin fenti. Washegari ɓangaren fentin ruwa ya fito da rawaya-rawaya kamar taswira, na ƙara shafi na biyu, ta sake hudowa. Ɓangaren shalak fari fat, na kai hanci ban ji komai ba sai ɗan sifirit. Ruwan da ke cikin fenti shi ke narkar da tabon ya jawo shi sama, shalak kuwa yana bushewa cikin ƙasa da awa guda ya yi fata da wari ba ya ratsawa. Shi ya sa masu gyaran gidajen gobara ba sa rabuwa da shi.

Cikin bango ya sha farin sau biyu, lungu-lungu, har bulon da ke nesa da ramin. Katako uku da za su koma na shafe bayansu da gefensu da bakinsu, ba wurin da na bari tsirara.

A fuskar bango na yi kuskure. Ranar Alhamis da yamma, ana shirin ruwa, na yi gaggawa na shafa shalak mai haske. Yana bushewa yana yin fari-fari kamar hazo. Sifirit in yana tashi da sauri yakan sanyaya wurin, danshi ya sauka ya maƙale a ciki. Na kwana da baƙin ciki. Yau da iska ta bushe na sake bi da siririn shafi, sabon ya narkar da tsohon, hazon ya watse. Wannan halin shalak ya burge ni, yana yafe laifi. Sai dai ba ya shiri da amoniya, na gaya wa mutanen gida kada ruwan goge gilashi ya kusanci bangon.

Asabar, 7 ga Satumba

Sababbin katako huɗu sun hau. Farare ne sol kusa da tsofaffin da suka shekara saba'in suna nuna. Shafi uku na shalak mai ruwan zuma ya kawo su kusa, ba daidai ba. Uwargida ta ce in ba an faɗa ba ba mai lura. Ni duk shigowata falo nan idona ke fara sauka. Kewayen ramin yanzu ba katako, kwaroron ƙarfe ne da allon siminti. Sabon bututun murhu mai fata biyu ne, bakinsa na kallon ƙasa, kowace mahaɗa da sukuru uku. Na duba da kaina sau biyu.

An yi ruwa kwana biyu a makon nan. Na kashe na'urar tsotse danshi da gangan, na rufe tagogi, na sa 'yata ta tsakiya, mai hancin uwarta, ta shigo daga waje ta faɗi gaskiya. Ta zagaya, ta ce, "Baba, nan babu." Ta tsuguna a kusurwa, "Nan akwai kaɗan."

Asabar, 19 ga Oktoba

Wutar farko. Ragowar itacen bara na faskara shi ƙanana tun Yuni, na jera shi a kan katako nesa da ƙasa, rufi a sama, gefe a buɗe. Yau na tsaga guda uku na soka na'ura a sabuwar fuskar, don bayan itace yaudara yake yi: danshi kashi 17, 18, da 24 cikin 100. Mai 24 itacen ok ne, shi shekara biyu yake so, na mayar da irinsa gefe sai baɗi. Na jera manya a ƙasa, ƙirare a sama, na kunna daga sama kamar yadda maƙwabci ya nuna mini. Minti ashirin na fita na ɗaga kai, ba hayaƙi a bakin hula, sai iska mai rawa. Na canza wa na'urar gano iskar kabon monoksaid mai guba batir kafin mu kwanta.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Mako shida ana hura wuta. Ba ɗigo, ba sabon ziri, gilashin murhu da bara kullum sai na goge yanzu sau ɗaya a mako. Na daina toshe iska da dare, wuta takan mutu wajen ƙarfe uku, da asuba in sake hurawa, uwargida na mita daga cikin bargo. Na buɗe gwiwar bututu na leƙa da tocila, toka-toka ce mai laushi, ta bi yatsa.

Saura kusurwar da yarinya ta nuna. Ina zargin katakon kwancen nan na ƙasa, ƙarƙashinsa burushi bai kai ba, kuma wataƙila kwalta ta zarce ƙarƙashin daɓe. Yanzu iska a bushe take, ba a jin komai, don haka hunturu ba zai ba ni amsa ba. Na manna ɗan salatif shuɗi a wurin, na rubuta "Yuni" a kai. In ya tashi da ruwan farko, zan shiga ta ɗakin ƙasa in buɗe silin daga can. Gwangwanin shalak ya rage kusan rabi, na rubuta masa kwanan wata a murfi, tunda in ya tsufa ba ya bushewa. Kafin in yi amfani da shi zan ɗiga a gilashi in gani.